Iyalin Sobantu: daga gidan bishop zuwa ƙaramin gida a Sweetwaters

'Yan uwa mata, a fitowar bana ta cikar shekara mun ɗauko tarihi daga nesa, daga Natal da ke Afirka ta Kudu, zamanin da take ƙarƙashin Ingila. Labarin wani gida ne da aka tsayar wa albashi, abin da mu masu riƙe tukunya mun san zafinsa.

An naɗa John William Colenso bishop na Natal a 1853, ya kwaso matarsa Frances da 'ya'yansu a 1855, suka zauna a Bishopstowe kusa da Pietermaritzburg. Zulu suka sa masa suna Sobantu, wato uban jama'a. Yana fassara Littafi Mai Tsarki da harshen Zulu sai mai taimaka masa, William Ngidi, ya riƙa yi masa tambayoyi kan labarin jirgin Nuhu. Colenso ya kasa ba shi amsar da shi kansa zai yarda da ita, ya zauna ya rubuta littafi da ya fito a 1862. Nan fa aka yi masa ca. A Disamba 1863 Bishop Robert Gray na Cape Town ya ce ya tsige shi.

To, tsigewa a takarda take, amma a madafa ake jin ta. Asusun da ke biyan bishop-bishop na ƙasashen mulkin mallaka ya riƙe albashinsa, ƙungiyoyin mishan suka janye tallafi, ga 'ya'ya biyar, ga kuɗin lauyoyi. Dama mutumin ya san bashi, domin tun yana koyarwa a makarantar Harrow gobara ta jefa shi ciki, littattafan lissafi da ya rubuta ne suka taimaka ya fita. Wannan karon karo-karo ne ya riƙe gidan. Masu goyon bayansa a Ingila suka buɗe asusu, har Charles Darwin ya sa nasa. A 1865 majalisar shari'a ta Sarauniya ta ce Gray ba shi da ikon tsige shi, a 1866 kuma kotu ta umarci a biya shi albashinsa. Duk da haka a shekarar aka yi shelar fitar da shi daga coci, daga baya aka naɗa wani bishop ɗin a gefensa.

Abin lura a nan, Turawan Natal da yawa sun tsaya masa a rigimar littafi. Da ya fito yana kare Sarki Langalibalele a 1874, ya kuma soki yaƙin da aka kai wa Zulu a 1879, sai suka watse.

Ya rasu a 1883. Shekara ta zagayo gobara ta cinye Bishopstowe. Daga nan nauyi ya koma kan mata, kuma nan ne labarin ya fi taɓa mu. Babbar 'yarsa Harriette, wadda aka haifa a 1847, ba ta yi aure ba, ta ɗauki aikin uban. Ta tsaya wa Dinuzulu ɗan Sarki Cetshwayo a shari'arsa, ta bi shi har tsibirin St Helena inda aka kai shi zaman dole, da aka sake gurfanar da shi a 1908 ta zuba abin hannunta a kuɗin kare shi har ta shiga bashi. Wata cikinmu da ta ji wannan cewa ta yi, ai sai ta rage na tsufa. Gaskiya ne, ba mu musa ba, amma da wuya mu ce ta yi kuskure.

A 1910 majalisar Natal ta yi dokar da ta raba Harriette da ƙanwarta Agnes da filin Bishopstowe, inda suka tashi tun suna yara. Suka koma wani ƙaramin gida a Sweetwaters, suna zaman rufin asiri cikin rashi. Can suka tsufa tare, suka rasu a 1932, 'yan makonni tsakani.