Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Ilimin Jijiyoyi

'Yan'uwana mata, a Haɗeja ta da, macen da daka ko aikin shinkafa a fadama ya riƙe wa ƙugu, wanzami ke mata ƙaho. Karaya kuwa sai maɗori. A 1959 aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano. To amma in hoto bai nuna komai ba, a gida sai a ce raki ne. A 1983 Clifford Woolf ya gano rauni kan sa jijiyoyin laka su ƙara kaifi, su riƙa zuzuta zafi. Irin wannan ciwon ƙwaya kaɗai ba ta isar masa, sai da motsa jiki da barci. Don haka in uwargida ta ce bayanta, a saurare ta.