Yadda ake tantance dacewar wayar faiba kafin a haɗa layin sadarwa mai nisa

Wayar faiba zare ne na gilashi mai kaurin gashin kai, wanda ke ɗaukar saƙonni a sigar haske. Ita ce ke kawo intanet daga manyan kebul na ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, irin su SAT-3 da MainOne da Glo-1 da WACS da Equiano, ta kai shi sauran jihohi. A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a faɗin ƙasar. Sabbin wayoyin za su haɗu da tsofaffin da aka binne shekaru da dama da suka wuce, kuma a ido duk kamanninsu ɗaya ne. Awo da lissafi kaɗai ke nuna ko za su yi aiki tare.

Iri biyu na faiba

Kaurin gilashin faiba maikromita 125 ne, amma hasken yana bi ne ta cikin ɓargon da ke tsakiya. A faiba mai tafarkai da yawa, faɗin ɓargon maikromita 50 ne ko 62.5, haske yana bin hanyoyi daban-daban a cikinsa, saboda haka ba ta wuce 'yan ɗaruruwan mitoci idan ana aika bayanai da sauri sosai. Wannan ita ake amfani da ita a cikin gini. A faiba mai tafarki ɗaya kuwa, faɗin ɓargon kusan maikromita 9 ne, haske yana bin hanya guda, don haka yakan yi tafiyar gomman kilomitoci ba tare da an ƙarfafa shi ba. Ita ce ta layin nesa. Idan aka haɗa iri biyun, yawancin hasken da ya fito daga babban ɓargo ba zai shiga ƙaramin ba.

Ma'aunan ITU

Faiba mai tafarki ɗaya ma iri-iri ce, kuma Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba kowane iri lamba. G.652 ita ce gama-gari, kuma rukuninta na G.652.D shi ne aka fi shimfiɗawa a yau. G.657 an yi ta ne don ta jure lanƙwasa a cikin gidaje da akwatunan rarraba layi. Rukuninta na A ya dace da G.652.D, amma na B ba lallai ya dace ba. G.654 tana da ƙarancin asarar haske, ana amfani da ita a ƙarƙashin teku da wasu manyan layukan tudu. G.655 an tsara ta ne don layukan nesa masu ɗaukar launukan haske da yawa a zare ɗaya.

Wadda ke bukatar taka tsantsan ita ce tsohuwar G.653. Tana aiki da kyau da launi ɗaya, amma idan aka loda mata launuka da yawa a kewayen nanomita 1550, sai su riƙa kutsawa cikin juna suna gurɓata saƙo. Saboda haka matakin farko shi ne karanta rubutun da ke jikin kebul da takardar bayanin kamfanin da ya ƙera shi. Launin rigar waya ba hujja ba ne: ruwan ɗorawa yana nuna mai tafarki ɗaya ce kawai, ba ya faɗin rukuninta.

Faɗin hasken a wurin haɗi

Ana haɗa zare biyu ta hanyar narkar da bakunansu da injin haɗi. Haɗi mai kyau ba ya cin fiye da desibel 0.1. Amma idan faɗin da haske ke mamayewa a cikin zarurrukan biyu ya bambanta, kamar tsakanin G.652 da G.655, asarar tana ƙaruwa. Irin wannan haɗi yana kuma ruɗar na'urar awo ta OTDR, wadda ke harba haske ta auna abin da ya dawo. Daga ɓangare ɗaya sai ta nuna kamar hasken ya ƙaru a wurin haɗin, daga ɗaya ɓangaren kuma ta nuna asara mai yawa. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a auna daga ƙarshen biyu, a ɗauki matsakaicin sakamakon.

Na'urorin bakin layi

A kowane ƙarshen layi akwai ƙaramar na'ura mai aikawa da karɓar haske. A saurin gigabit 10, nau'in LR yana aiki a nanomita 1310 zuwa kilomita 10, ER a nanomita 1550 zuwa kilomita 40, ZR kuma zuwa kusan kilomita 80. Dole na'urorin ƙarshen biyu su dace a sauri da tsawon zangon haske. Dalilin fifita 1550 a layin nesa shi ne asarar haske a can kusan desibel 0.2 ce a kowace kilomita, alhali a 1310 ta kai kusan 0.35. Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen: na'urar kilomita 80 da aka sa a gajeren layi tana iya cika mai karɓa da haske har ta lalata shi, sai an sa abin rage ƙarfi a tsakani.

Kawunan haɗi ma suna da bambanci. Shuɗi, wato UPC, bakinsa a miƙe yake. Kore, wato APC, an goge bakinsa a karkace da digiri 8 don rage hasken da ke komawa baya. Idan aka cusa shuɗi cikin kore, bakunan ba sa haɗuwa daidai, haske ya zube, gilashin ma yana iya karcewa. Ƙura kuma, musamman a lokacin hunturu, ta isa ta toshe ɓargo mai faɗin maikromita 9, don haka ana duba kowane kai da madubin ƙara girma a goge shi kafin a haɗa.

Lissafin asara

A ɗauki layi mai tsawon kilomita 80, kusan tazarar Kaduna zuwa Zariya. Idan kowace kilomita ta ci desibel 0.22, gilashin kaɗai ya ci 17.6. Haɗi 20 a kan 0.1 kowanne sun ci 2, kawunan haɗi biyu sun ci 1. Jimla 20.6. Injiniyoyi kan ware ƙarin desibel 3 saboda tsufa da gyare-gyare, abin ya zama 23.6. Na'urar ZR kuwa yawanci kusan desibel 23 take iya jurewa. Wato layin da kwalin na'ura ya ce zai yiwu yana iya tashi a ranar farko, amma ba shi da sararin ɗaukar gyara.

Wannan sarari yana da muhimmanci a Najeriya, inda aikin hanya da tono da ɓarna ke yawan yanke faiba. Kowane gyara yakan ƙara guntun kebul da haɗi biyu, kuma idan guntun ba irin na asali ba ne, asarar ta fi haka.

Bazuwar haske

Bayan raguwar ƙarfi, ɗigon haske yana faɗaɗa a kan hanya har ya shiga na bayansa. A G.652, a nanomita 1550, bazuwar kusan fikosakan 17 ce ga kowane nanomita a kowace kilomita, wato kusan 1,360 a kilomita 80. Na'urar ƙarfafa haske ta EDFA, wadda ake sawa kusan duk bayan kilomita 80 a dogayen layuka, tana maido da ƙarfi ne kawai, ba ta gyara bazuwa. Tsofaffin tsare-tsare suna sa na'urar gyara ta musamman wadda aka auna bisa irin faibar, don haka canza irin waya a tsakiyar layi yana rushe lissafin. Sabbin na'urori masu gigabit 100 zuwa sama suna yin gyaran da kansu ta lantarki. Tsofaffin kebul kuma suna iya samun wata bazuwar da rashin daidaiton zagayen ɓargo ke jawowa, wadda ake aunawa daban kafin a ƙara wa layi sauri.

Kafin a karɓi aiki

Hukuma ko kamfanin da ya ba da kwangilar layi yana da hakkin neman takardar rukunin faibar kowane sashe, sakamakon OTDR daga ƙarshen biyu a nanomita 1310 da 1550, awon jimlar asara da fitila da mitar haske, da awon bazuwa idan layin mai nisa ne. Ana adana waɗannan takardu tare da taswirar wuraren haɗi, domin da su ma'aikatan gyara za su san irin kebul ɗin da za su ɗauko ranar da layin ya yanke.