Muftin Alkali da Abokin Kotu

A garin Doka na jihar Gadarif na fara karatun fikihun Malikiyya, kuma tun a lokacin na fahimci cewa alkali ba ya yanke hukunci shi kaɗai. A tsoffin kotunan ƙasar Hausa mufti na zaune gefensa, yana binciko masa nassi. Kotunan zamani su ma suna gayyatar masanin da ba ya cikin masu ƙara ya kawo hujja a rubuce, suna kiransa abokin kotu.

Shari'ar Amina Lawal, bazawarar da aka tuhuma saboda ta yi ciki, ta nuna amfanin irin wannan ilimin. A Maris 2002 kotun Bakori ta yanke mata hukuncin jifa, ta Funtuwa ta tabbatar. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta, da rinjayen alkalai huɗu cikin biyar. Hujjojin daga littattafan Malikiyya suka fito: mutum na iya janye iƙirarinsa, kuma cikin bazawara na iya kwanciya shekaru.

Don haka malamai da lauyoyi, in kun ga an zalunci wani a hukunci, ku nemi izinin kotu ku rubuta.