Ƙofar da HIV ke bi: tarihin CD4 da CCR5

Ƙwayar cutar bairas ba ta iya hayayyafa ita kaɗai. Dole ta kutsa cikin ƙwayar halittar mutum, ta mallake kayan aikin da ke ciki, ta sa su riƙa buga mata kwafin kanta. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma tarihin HIV ya gaskata wannan magana.

A 1981 likitoci a Amurka suka fara ba da rahoton matasa da garkuwar jikinsu ta rushe ba tare da sanin dalili ba. A 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier na Cibiyar Pasteur da ke Paris suka gano ƙwayar. Shekara guda bayan haka aka fahimci cewa tana maƙalewa ne a jikin wani furotin mai suna CD4, wanda ke bayan wasu fararen ƙwayoyin jini masu jagorantar garkuwar jiki. Shi ya sa ake auna CD4 a asibiti: idan adadin ya faɗi ƙasa da 200, cututtuka na samun sarari.

A 1996 aka gano cewa ƙwayar na bukatar ƙofa ta biyu, galibi furotin CCR5. An kuma samu wasu mutane ƙalilan, yawancinsu 'yan asalin arewacin Turai, da aka haifa ba su da wannan ƙofa, don haka da wuya su kamu.

Wannan ilimi ya yi amfani a Berlin a 2007. Timothy Ray Brown, mai ɗauke da HIV da sankarar jini, ya sami dashen ƙwayoyin ɓargo daga irin waɗannan mutane. HIV ba ta sake bayyana a jikinsa ba har rasuwarsa a 2020. A 2007 ɗin kuma aka amince da maraviroc, maganin da ke toshe CCR5.

Sai dai dashen ɓargo aiki ne mai haɗarin gaske, ana yin sa ne don ceton mai sankara. Ƙwayar tana ɓoye tsarin gadonta cikin na mutum, tana jiran ranar da za a bar magani ta farfaɗo. Saboda haka mai shan magani kada ya tsallake rana, iyali kuma su riƙa tuna masa, su raka shi gwajin jini a kan lokaci.