Bashin Auduga

A watan Afrilun 2018, muna tsakiyar sharar gona a bayan garin Pauwa, rediyon Baffana da ke rataye a reshen kanya ya kawo labarin abin da Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a wani taron 'yan kasuwa a Landan. Gundarin maganar shi ne, da yawa daga matasan Nijeriya ba su yi karatu ba, amma sun zauna suna jiran a ba su gida da magani da ilimi kyauta, don kawai ƙasarsu na da man fetur. Kafin a kwana biyu kalmar "ci-ma-zaune" ta zagaye gari. Baffa ya dogara ƙotar gatarinsa ya ce, "Wallahi dattijon nan ya faɗi gaskiya." Ban tanka ba, domin a gidanmu yaro ba ya mayar wa babba magana. Sai dai na dubi tafin hannuna da ya yi kanta, na tambayi kaina: wa ke ci, wa ke zaune? Shekarun da na yi ina karatun tarihi a jami'a, amsar wannan tambaya na yi ta bi, har sawunta ya kai ni gonar auduga.

Kakana ya rasu ya bar akwatin ƙarfe, a ciki akwai 'yan takardun da ake ba manomi in ya sayar da audugarsa a fuloti. Masu masaƙun Lankasha ta Ingila ne suka kafa kamfanin BCGA a 1902, don su sami auduga mai araha daga ƙasashen da suka mallaka. Kamfanin ya kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Malumfashi, aka riƙa raba wa manoma gurya kyauta, kuma a 1929 layin dogo ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda. Ba sai an tsare manomi da bulala ba: haraji da kuɗi ake biyansa, kuɗi kuwa a wannan yanki namu auduga ke kawo su. Haka ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ta zama rumbun masaƙun da mutanenta ba su taɓa gani ba.

Tsofaffi na ba da labarin ranar fuloti kamar jiya aka yi. A ɗora wa jaki buhuna tun asuba, a bi layi, wani lokaci a kwana. Malamin duba ya cusa hannu cikin buhu ya ce lamba ɗaya ko lamba biyu, magana ta ƙare. Babu tayi, babu albarka. Daga 1949 hukumar cinikin auduga ce ke yanke farashi, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa, manyan kamfanoni irin su UAC da John Holt kuma na cikin dillalan da aka ba lasisin saye. An ce an yi haka ne don a kare manomi daga faɗuwar kasuwa. Amma a yawancin shekaru abin da ake ba shi bai kai farashin duniya ba, rarar kuwa tana taruwa a asusun hukuma. Da irin wannan rara aka haɗa hannu da kamfanin David Whitehead aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Kafin kuɗin mai su kwararo, gyaɗa da auduga da harajin talaka ne suka ɗauki nauyin makarantun kwanan Arewa. Yaron da ya shiga kwaleji a wancan zamani, aka ba shi riga da sabulu da abinci da kuɗin mota, gumin su kakana ya ci. Ban faɗi haka don in goranta masa ba. Ai don a yi hakan aka karɓi kuɗin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, waɗannan da suka ci moriyar su ne suka koya mana fita titi. A Afrilun 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙara kuɗin abincin ɗaliban jami'a daga naira ɗaya da kwabo 50 zuwa naira biyu a rana. A kan wannan kwabo 50 ƙungiyar ɗalibai ta NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta tayar da boren da aka sani da "Ali Must Go", don neman Kanar Ahmadu Ali ya sauka daga kujerar ilimi. An harbe ɗalibai a Legas da Samarun Zariya, aka haramta ƙungiyar. Waɗanda suka tsira daga wannan rana yau sun haura shekara 65. Cikinsu an sami gwamnoni da ministoci da shugabannin bankuna, kuma daga tsararsu ne muke jin cewa yaran yanzu ba su da haƙuri.

Mu kuwa tsanin aka janye kafin mu iso. A 1986, cikin tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, aka rushe hukumomin ciniki. Manomi ya huta da farashin dole, ya faɗa hannun ɗan kasuwar da ba ya ba da iri, ba ya alkawarin saye. Atamfar fasa-ƙwauri da rashin wuta suka ƙarasa masaƙu: ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Na girma na tarar da fulotin yankinmu ya zama filin ƙwallo.

Ranar 1 ga Janairun 2012 aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. Matasa suka aro sunan gangamin da aka fara a titin Wall na Amurka 'yan watanni kafin nan, suka mamaye tituna. A Kano har sun kwana a dandalin Silver Jubilee. Gwamnati ta sauko zuwa naira 97. Binciken Majalisar Wakilai da ya biyo baya ya nuna an ware naira biliyan 245 don tallafin a 2011, amma abin da aka biya ya haura tiriliyan biyu, kuma akwai kamfanonin da suka karɓi kuɗi kan man da ba su shigo da shi ba. In ana neman wanda ya ci a zaune, ga shi nan cikin rahoton majalisa. Shi kansa shugaban kwamitin binciken, Faruk Lawan, kotu ta ɗaure shi a 2021 kan karɓar toshiya a cikin wannan aiki.

A yankinmu talauci ya zo da bindiga a kafaɗa. A Yunin 2020 matasan 'Yantumaki suka datse hanyar Ƙanƙara zuwa Katsina saboda kashe-kashe, watanni shida bayan nan aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Don haka lokacin da aka fito ranar 1 ga Agustan 2024, bayan janye tallafin 2023 ya ninka farashin komai, yunwar da ake kuka da ita ta daɗe da kwana a gidajenmu. Ba zan wanke tsarata tas ba. An fasa gine-gine an wawashe kaya a Kano, wasu sun ɗaga tutar Rasha ba su san ko ina Mosko take ba. Matasan da suka kafa NEPU a Kano a 1950 sun fito da rubutacciyar manufa da jam'iyyar da za ta ɗauke ta. Mu fushi muka fito da shi, fushi kuwa dokar hana fita ta kwana biyu ta ishe shi. Amma ƙungiyar Amnesty ta ƙirga aƙalla mutum 24 da aka kashe, kuma ranar 1 ga Nuwamba duniya ta ga yara ƙanana, da aka tsare kusan wata uku, suna zubewa a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Sai da hotunan suka karaɗe duniya aka ba da umarnin sakinsu.

A wannan mako na je gaishe da Baffa a cikin garin Ƙanƙara, inda ya yi hijira. Damina uku ke nan bai taka gonar nan mai kanya ba, don ba ya iya biyan kuɗin da mutanen daji ke yankawa kafin a yi girbi. Na same shi kan tabarma a zauren gidan haya, rediyo a gefe. Na buɗe akwatin kakana na nuna masa takardun. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido, ya ce wannan ta shekarar da aka kai ƙaninsa makarantar kwana ce, shi kuma aka bar shi ga jakuna.

Na ce, "Baffa, yaran da aka kai kotu fa?"

Ya daɗe bai amsa ba. Ya ninke takardar ya mayar mini, sannan ya tambaye ni ko an sami wanda ya biya musu kuɗin motar komawa gida.