Ƙugiyar gashin tsuntsu

Ƙugiyar gashin tsuntsu fatsa ce da ake naɗa wa zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da tsutsar ƙwaron ruwa, domin yaudarar kifin tirawut. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara ita ce ta Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a Ingila, wanda ya fitar da littafi kan wannan dabara a 1958. Shi ko zare bai sa ba: siririyar wayar jan ƙarfe kawai, da gashin wutsiyar tsuntsun fizan. Wayar ce ke ba ta nauyin nutsewa da sauri.

Tirawut sai ruwan sanyi, shi ya sa babu shi a madatsar ruwan Gubi ta Bauchi. Can tana ake soka wa ƙugiya, tarwaɗa kuwa ba ta raina ta.