Ƙarfen da Ake Shayarwa

A maƙerun Adar, daga Sabon Gida zuwa Madawa, Buza da Keita, idan maƙeri ya gama ƙera gatari yakan mayar da shi wuta har ya yi ja, sannan ya tsoma bakinsa cikin ruwa. Sanyayawar nan ta farat ɗaya ita ke ba ƙarfe tauri. Da a toka aka bar shi ya huce a hankali, da laushi zai yi.

Faransanci na kiran wannan aiki «trempe». Asalin kalmar Latin ne, «temperare», wato gauraya abu bisa gwargwado, domin idan tauri ya wuce kima gatari yakan karye. Larabawa kuwa «saƙyu» suke cewa, ma'ana shayarwa, kamar dai ƙarfen ƙishirwa yake ji.

Ba kowane ƙarfe ke taurara ba, sai wanda ya ɗauki sinadarin gawayi. Saboda haka sanin wannan aiki yana farawa ne tun daga narkar da tama. Nicole Echard, wadda ta yi bincike a Adar a shekarun 1960, ta ɗauki fim ɗin narkar da tama mai suna «Noces de feu», wato auren wuta.

Ƙarafan tsofaffin motoci sun maye gurbin tama, narkarwa ta mutu, kalmominta kuma suna bin ta. Ya kamata malamai su zauna gaban tsofaffin maƙera da alƙalami tun suna raye.